Kawu da Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Na faɗa, na maimaita, amma har yanzu ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau kwana arba'in da rasuwar Kawu, yayan mahaifiyata, kuma tun ranar da aka kai shi ban yi zaman awa guda cikakkiya a kujera ba. Maigidana ne ya ce in rubuta wani abu a kansa, ko na samu in zauna. To ga shi ina rubutawa, rabi a zaune rabi a tsaye.

A zaman makokin da aka yi a gidansa na unguwar Limawa a nan Dutse, kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Tsofaffin abokan aikinsa na asibiti suka ce sun yi rashin mutumin da bai taɓa rikita jinin wani da na wani ba, duk tsawon shekarun da ya yi a ɗakin gwaji. Danginmu na ruga, da suka cika motar kasuwa suka zo, suka ce ai makiyayi ne, boko ne ya are shi bai dawo da shi ba. Malamin makarantar allon da ke jikin gidansa, abokin musunsa na kullum, an ce bai furta komai ba sai addu'a, yana yi yana share ido da bakin rawani. Wata goggonmu kuwa, da ta gama kukanta ta fyace hanci, sai ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ke 'yar nan, zinaren da aka ce kuna haɗawa ke da shi, yana ɗakinsa ne ko yana wurinki? Kada a bar shi a hannun banza."

Na ce, "Goggo, duk wanda muka haɗa bai isa a yi wa kaza ɗan kunne ba."

Ta harare ni ta koma wurin zamanta. Har gobe ba ta yarda ba.

A rana ta uku maigidana ya leƙo daga wajen maza ya ce akwai baƙin da babu wanda ya san su: wani mai adaidaita daga Jahun, da manoma biyu, da wani dattijo mai sandar kiwo. Sun ce a kasuwa suka ji labari, shi ne suka zo yi wa iyalan Baba mai cokali gaisuwa. Mahaifiyata ta dubi matar Kawu, wadda muke kira Inna. Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuma ban bi ta kan maganar ba, don a lokacin abin da ke cin raina daban ne.

Ina fushi da shi ya rasu. Gara in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya ɗauka wata 'yar kirki ce ke ba da labari.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe, kuma da sunan yake yabona, da shi yake yi mini faɗa. Mutum ne siriri, dogo, mai saurin tafiya; idan kuna tare sai ka haɗa da ɗan gudu. Ba ya gama shan shayi a zaune. Idan ya zo gidanmu a Yalwawa, kafin a shimfiɗa masa darduma ya zagaya bayan gida ya duba randa, ya duba magudanar ruwa, ya dawo da ƙorafi uku. Sai da ya kai shekara goma sha biyu yana bin shanu kafin a sa shi makaranta, kuma wannan tafiyar ba ta taɓa fita daga ƙafarsa ba.

Ina aji uku a firamare ya ɗauke ni zuwa wurin aikinsa wata ranar Asabar. Ya ɗiga ruwan rijiyarmu a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya ɗora ni a kan kujera ya ce in leƙa. Na ga abubuwa suna iyo, suna karo da juna. Kwana biyu na ƙi shan ruwa. Mahaifiyata ta same shi har gida ta ce zai kashe mata 'ya da ƙishirwa. Ya ce, "Ƙyale ta. Wanda ya tsorata da su yau shi zai san su gobe." Ya tafasa ruwa a butar shayi, ya huce, ya sake nuna mini, na ga sun daina motsi, sannan na sha. Daga wannan ranar ce na kama hanyar da nake kai har yanzu.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba Inna haushi. Duk inda ya ga sabuwar ƙasa, ko a gidan biki ne, sai ya tsuguna ya ɗebo, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Zai ce maka nan shanu sun kwana shekara da shekaru, nan ruwa na kwanciya, nan an taɓa yin jima. Yakan ce, "Ƙasa ba datti ba ce, gari ce. Akwai masu aiki a ciki, ba a dai ba su albashi." Ya yi shekara talatin yana rubuta sakamakon gwaji da boko, amma duk abin da yake nasa na kansa da ajami yake rubuta shi.

Da na fara digirin digirgir, na je na yi masa bayanin abin da zan yi, ina tsoron zai ce shirme ne. Akwai gishirin zinare da ake narkarwa a ruwa, ya yi launin ɗorawa mai haske. Akwai kuma wasu bakteriya a cikin ƙasa da ke fitar da wani sinadari, wanda idan ya haɗu da ruwan nan sai ya janyo zinaren ya dunƙule shi ƙanana ƙanana, ƙanƙantar da ko madubin asibiti ba ya nunawa. Alamar an dace ita ce ruwan ya juye ya koma kamar zoɓo. Irin wannan ɓurɓushin zinare ake fatan amfani da shi a kan gyambon da ya ƙi jin magani, da kai magani daidai inda ciwo yake a cikin jiki. Ana iya yin sa da sinadarai masu guba da tsada, amma idan ƙasarmu za ta yi mana aikin, me ya fi?

Ya saurare ni a tsaye, hannu a baya. Da na ambaci gyambo sai ya daina kai da komo. Ya ce ya ga ƙafafun da aka yanke saboda ƙwayar cutar da shi da kansa ya gano a farantin gwaji, ya rubuta sunanta, amma babu maganin da ke taɓa ta. Ya ce, "Sanin sunan ɓarawo ba tare da sanda ba, shi na yi shekara talatin ina yi. Ƙasa nawa kike so?"

A lokacin ina da tsohon ciki, ga koyarwa. Shi ya ɗauki aikin ɗebo ƙasar. Ya sayi cokulan ƙarfe, yana ƙona su a wuta kafin kowace ɗiba, ya riƙa shiga motar Jahun da ƙauyukan da ke tsakani, wuraren da ya yi kiwo yana yaro. Malam maƙwabcinsa ya sa shi a gaba da tsiya, wai tsofai-tsofai da shi ya shiga neman zinare, alhali an hana maza sa shi. Kawu ya ce, "Malam, ba wuya zan rataya ba, a ƙafar mai ciwo za a shafa. Idan taka ta ruɓe sai ka kawo mini fatawar." Suka yi mako guda suna jan wannan magana a kan dakali, kowa na jin daɗinsa.

Ya kawo mini ƙulli talatin. Kowane ƙulli da 'yar takarda a ɗaure a wuyansa, da rubutun ajami, kuma ba irin bayanin da ake so a jami'a ba ne. Ga wata da na iya karantawa da ƙyar: "Makwantar shanun Baffa, gabas da tsamiya mai reshe biyu, bayan ruwan farko." Wata kuma: "Inda jar saniya ta karye." Na yi dariya. Farfesan da ke duba aikina lamba yake so a jikin kowace kwalba, ba labarin saniya ba. Ajamina kuwa tun na makarantar allo ne, ya yi tsatsa. Na juye ƙasar a kwalabe, na liƙa musu lamba ɗaya zuwa talatin yadda hannuna ya kai, na tattara ledojin da takardun na zuba a kwandon shara. A raina na ce ai Kawu na nan, mutumin da ke gane ƙasa da hanci. Duk ranar da na buƙaci sunan wuri sai in tambaye shi. Ban ɗauki hoton ko ɗaya ba, ga waya a hannuna.

Wata biyar ina shuka bakteriya a faranti ina tacewa. Yawancinsu ba su yi komai ba. Wasu suka sa ruwan ya yi duhu-duhu bayan kwana uku, ya kwanta a ƙasan kwalba kamar dusa. Ta kwalba ta goma sha bakwai kuwa, na haɗa da hantsi, na je na yi azahar na dawo, na tarar da zoɓo. Na maimaita sau huɗu, sau huɗu tana juyewa. Na ɗiga a farantin ƙwayar cutar da aka samo daga gyambo mai taurin kai, washegari na ga fili fes kewaye da ɗigon. A faranti ne dai, ba a jikin mutum ba, kuma tsakanin faranti da ƙafar majinyaci akwai tafiyar shekaru. Amma na yi kuka a ɗakin gwajin nan.

Na kira Kawu ya zo a adaidaita, ko hula bai daidaita ba. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga ya daɗe yana kallo. Na ba shi ragowar ƙasar ya murza, ya shinshina.

"Tsohuwar makwanta ce, kusa da fadama. Uwata, ina takardarta?"

"Wace takarda, Kawu?"

"Wadda na ɗaura mata."

Na ce na zubar, ai lamba ake amfani da ita. Har da 'yar dariyata.

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya ajiye kwalbar a hankali. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Na yi miki rubutu talatin, kika ba shara." Ni kuma, da yake bakina ba ya da linzami, na ce ai rubutun ba na kimiyya ba ne, babu mujallar da za ta karɓi inda saniya ta karye. Ya fita, ya ƙi a kira masa abin hawa, ya taka da ƙafa har Limawa cikin rana.

Na bar shi ya huce. Ina da bakteriyar a firiza, me zai dame ni? Sai aka tafi hutun babbar sallah, firizar ta mutu ba wanda ya sani, muka dawo muka tarar da komai ya narke ya yi wari. Na yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita, ta ƙi. Ragowar ƙasar kuwa na riga na ƙarar da ita wajen maimaita gwaji. Abin da ya rage mini hotuna ne da 'yar kwalbar zoɓo guda. Farfesa ya faɗa mini gaskiya: idan ba a san inda aka samo ta ba, kuma ba za a iya sake samo ta ba, to babu aiki, labari ne kawai.

Na sayi goro da turare na je na durƙusa a gaban Kawu na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe tun ranar. Na ce to a ina ne?

"Ba wurin da ake faɗa da baki ba ne. Ni zan kai ki da kaina."

"Yaushe, Kawu?"

"Bari ruwa ya ɗauke."

Ruwa ya ɗauke, ya ce bari a gama girbi, gonakin mutane ne. Aka gama girbi, ya ce ƙafarsa na ciwo, alhali duk ranar kasuwar Jahun idan na je gidan sai Inna ta ce ya fita tun safe. Wata takwas muna haka. Na aika mahaifiyata, ya ce mata kada ta shiga tsakanin ɗa da uwa. Na aika maigidana, ya ba shi shayi ya yi masa hirar siyasa. Na tabbata a raina horo yake yi mini, yana so in ɗanɗana kuɗar raina ajaminsa. Na ce wannan wane irin riƙo ne ga dattijo mai sallah a sahun farko? Na fara shiga mota ni kaɗai ina ɗebo ƙasa duk inda na ga fadama da kashin shanu, babu wadda ta juye. Daga baya na rage zuwa gidansa. Idan ya kira waya sai in bar ta ta yi ta ƙara. Akwai ranar da ya kira ni sau biyu a yini ɗaya yana tambayar jikin jaririna da kalmomi iri ɗaya, na ce wato har da zolaya.

Zuwana na ƙarshe, ina tsaye a bakin ƙofa, ko zama ban yi ba, na ce, "Kawu, idan ba za ka faɗa ba ka ce ba za ka faɗa ba, in san na haƙura da karatun." Ya dube ni ya ce, "Uwata, ki ƙara mini mako biyu." Na ce to, na juya. Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, a kwana na uku da kwanciyarsa ya cika. Ina wurin, na riƙe hannunsa, amma ya riga ya daina magana. Allah Ya sani, ko a wannan lokacin akwai wani ɓangare na zuciyata da ke jiran ya buɗe baki ya faɗi sunan wuri. Ina jin kunyar wannan fiye da komai.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinsa ta tura ƙofa. Tana cikin takaba, muryarta a dushe.

"Kina ganin ɓoye miki ya yi ko?"

Na jingina da ƙofar, ta ci gaba.

"Bai ɓoye ba. Mantawa ya yi."

Ta ce abin ya fi shekara biyu da farawa. Ya daina yarda ya ja sallah idan liman ba ya nan, don sura na kufce masa a tsakiya. Ya taɓa fita sayen burodi ya tsaya a bakin titi bai san ta inda zai koma ba. Shi ya sa da zai ɗebo mini ƙasa ya riƙa rubuta takardar nan take a wurin, kafin ya miƙe daga tsugune, don ya san idan ya iso gida ba lallai ya tuna ba. Takardun nan da na zubar, ba ado ba ne, kansa ne ya ɗaura a wuyan leda.

Na ce, "Inna, me ya hana ya faɗa mini? Me ya hana ke ki faɗa mini?"

"Ya sa na rantse. Kin san mutanenku da fulako, kunyar nan taku ta Fulani. Mutumin da duk garin nan ke cewa bai taɓa rikita kwalba ba, ya dubi 'yar da ya koya wa aiki ya ce kaina ya tafi? Kuma ya ce idan kika sani za ki ce ke kika jawo, ba za ki yafe wa kanki ba. Ya ce gara ki yi fushi da shi."

Duk ranar kasuwar da nake zuwa ba na samunsa, yana can yana nema. Mai adaidaitar da ya zo gaisuwa shi ke ɗaukarsa daga tashar Jahun, ya bi da shi gona-gona, makwanta-makwanta, ko idonsa zai gane abin da kansa ya saki. Manoman nan a gonakinsu yake tsugunawa. Sau biyu mai adaidaitar na dawo da shi har ƙofar gida, yana tafe yana tambayar mutane, saboda Kawu ya kasa faɗin unguwarsu.

Inna ta janyo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Ƙulle-ƙullen ƙasa ne, arba'in da uku, kowanne da takardarsa. Ta ce yana ta cewa zai kawo mini idan ya tabbata, don kada ya sa mini rai a banza.

Na kasa karanta su da kyau, don rubutun nasa ma ya fara karkacewa. Washegari na kai wa Malam maƙwabcinsa, na zauna daga bakin zaure, yana karantawa ina rubutawa. "Bayan rijiyar makiyaya, inda ƙaya ta yi yawa." "Gindin kanya, yamma da fadama." Wani wurin ya fito sau uku, a ranaku daban-daban, ya manta ya riga ya je. Malam ya karanta kamar goma, sai ya tsaya, ya cire tabarau.

Ya ce, "'Yata, akwai wani layi a ƙasan kowacce, ban karanta miki ba."

Na ce ya karanta.

"Ya rubuta, 'Ina jin nan ne.'" Ya ɗaga wata. "Nan ma haka." Ya ɗaga wata, ya ɗaga wata. Ya ajiye ya ce ba zai iya ci gaba ba yau.

Zuwa yanzu na gwada goma sha ɗaya. Babu wadda ta juye. Saura talatin da biyu, kuma ban sani ba ko tana ciki. Mai yiwuwa ne ya wuce ta gefen wurin sau goma bai gane ba. Farfesa ya ba ni zuwa ƙarshen zango. Kullum da hantsi nake haɗa ruwan, in fita, in zagaya ginin, in dawo in leƙa, in sake fita. Abokan aikina sun ce na fara tafiya irin tasa.

Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san shi da ƙwazo su san ƙarshensa ma ƙwazo ne, kuma don in faɗa a gaban jama'a abin da ban faɗa masa ba: Kawu, ni na yi laifi, kai ka biya. Ya Allah, Kai da ba Ka mantuwa, Ka tuna masa duk takun da ya yi tsakanin Dutse da Jahun, Ka sa a mizaninsa. Ka gafarta masa, Ka sanyaya ƙasar da ya kwanta a ciki, Ka ba Inna haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu.

Mako biyu ya roƙe ni, na ba shi a tsaye, ina kallon ƙofa.